Bibiyar Guguwa da Ƙanƙarar Hunturu a Amurka da Kanada: Yadda Za Ka Gane Ranar da Wuta Za Ta Tafi

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi bai ɗauki ɗauke wuta a bakin komai ba. A kunna tocila, a fita tsakar gida a sha iska, mai hali ya tayar da janareta. Wannan sabon ne yake yaudarar 'yan'uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai Amurka da Kanada. A can wuta kan shekara ba ta ƙifta ba, don haka aka jingina komai na gida a kanta: ɗumama ɗaki, girki, ruwan zafi, har ƙofar gareji. Ranar da ta tafi kuwa, tana iya zama ranar da sanyi ya fi tsanani, kuma tana iya yin kwanaki ba ta dawo ba.

A watan Fabrairun 2021 sanyi ya auka wa jihar Texas, gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan 4.5 suka rasa wuta, hukumomin jihar kuma suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. Yawancinsu sanyi ne ya kashe su, wasu kuma hayaƙin abin da suka kunna don jin ɗumi. Masu hasashen yanayi sun yi kwanaki suna sanar da zuwan wannan sanyi. Irin wannan ɗauke wuta ana hango ta tun daga nesa, in dai mutum ya san inda zai duba da abin da zai nema.

Mataki na farko: san inda kake zaune

Tun sararin sama yana garau ka nemi amsar tambayoyi huɗu. Mene ne sunan gundumarka? Da sunan gunduma ake fitar da yawancin gargaɗi, ba da sunan unguwa ba, don haka mazaunin Houston ya san yawancin birnin yana cikin gundumar Harris, mazaunin Buffalo kuma Erie. Wane kamfani ne yake da wayoyin da suka shigo gidanka? Con Edison ne a yawancin birnin New York, CenterPoint a Houston, Hydro-Québec a Montreal. A yawancin Texas ka lura, kamfanin da kake biya kuɗin wuta daban ne da mai falwaya da waya, kuma mai wayar ne yake gyara.

Na uku, leƙa titi. In ka ga falwayoyin katako da wayoyi suna ratsa rassan bishiyoyi, unguwarka tana sahun gaba wajen rasa wuta. In wayoyin a ƙarƙashin ƙasa suke, da sauƙi, sai dai layin da ke ciyar da su yana iya zama a sama a wani wuri.

Na huɗu shi ne wanda mutane suka fi yin kuskure a kai: da me ake ɗumama gidan? Da yawa suna cewa "ai namu na gas ne". Injin ɗumama gida mai gas ma yana buƙatar lantarki don fankar da ke tura iska mai ɗumi da na'urar da ke sarrafa shi. Wuta na tafiya, shi ma ya tsaya.

Mataki na biyu: ɗauki labari daga tushe

Manhajar yanayi da ta zo da wayarka tana nuna hoton gajimare da lamba ɗaya. Ba ta isa ba. A Amurka tushen labari shi ne hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NWS, wadda take da ofisoshi 122 a faɗin ƙasar, shafinta kuma weather.gov ne, kyauta. Ka rubuta lambar gidan waya ta unguwarka, wato ZIP code, shafin yankinka zai buɗe. A Kanada akwai hukumar muhalli da sauyin yanayi ta ƙasa da manhajarta WeatherCAN.

Abubuwa biyu a shafin NWS sun fi komai amfani, mutane kaɗan ne kuma suke buɗe su. Ɗaya shi ne jadawalin awa-awa, mai nuna yadda zafi zai sauka, ƙarfin bugun iska, da irin abin da zai zubo a kowace sa'a. Ɗayan kuma sharhin da masanan ofishin yankinka suke rubutawa da hannunsu sau da yawa a rana, mai suna Area Forecast Discussion. Turancinsa yana da ɗan nauyi, amma a nan ne za su faɗi gaskiyar abin da suke tsoro da inda suke shakka. In suka fara ambaton faɗuwar bishiyoyi da yankewar wuta, to magana ta girma.

Sai ka ƙara da manhajar FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, wadda take turo gargaɗin NWS na wurare har biyar, ka sa gidanka, wurin aikinka da makarantar yara. Kada ka dogara da ƙarar gaggawar nan da wayoyi kan yi da kansu, domin ba kowane gargaɗin hunturu ne yake biyo ta nan ba. Ƙaramin rediyon yanayi mai batir, wanda yake kama tashoshin NOAA, hukumar da NWS take ƙarƙashinta, tsakanin mita 162.400 da 162.550, yana aiki ko da intanet da sabis sun ɗauke.

Wata shawara tawa: taswirar da ake yawo da ita a Facebook da WhatsApp mai cewa dusar ƙanƙara za ta binne gari nan da kwana goma, ka wuce ta. Yawanci sakamakon gwajin kwamfuta ɗaya ne daga cikin da yawa, gobe zai canza.

Mataki na uku: kalmomi uku da ma'auni

Da Turanci saƙon zai zo, don haka dole a riƙe kalmomin yadda suke. Watch na nufin abin yana iya faruwa, galibi nan da kwana ɗaya zuwa uku: lokacin shiri ke nan. Warning na nufin yana faruwa ko ya kusa: lokacin shiri ya ƙare. Advisory ya fi sauƙi, zai takura amma bai kai na biyun ba.

Amurka da Farenhait take auna zafi. Riƙe waɗannan: 32 shi ne sifili a ma'aunin Salsiyos, inda ruwa yake daskarewa; 20 kusan 7 ne ƙasa da sifili; 0 kuma kusan 18 ƙasa da sifili. Iska da mil ake auna ta, ƙanƙara da inci. Kanada tana amfani da ma'aunin da muka sani.

Mataki na huɗu: abin da yake karya waya

A nan ne aikin yake. Baƙo yakan tsorata da yawan dusar ƙanƙara, alhali busasshiyar dusa mai kamar gari, ko ta kai gwiwa, sau da yawa zamewa take daga kan waya ta faɗi. Abubuwa huɗu ne suke kashe wuta.

Babban cikinsu ruwan sama mai daskarewa ne, wanda za ka gani an rubuta freezing rain. Yana faruwa idan iska mai ɗumi ta hau sama, siririn sanyi kuma ya kwanta a ƙasa. Dusa takan narke a cikin ɗumin ta zama ruwa, ta sauko a matsayin ruwa, amma duk abin da ta taɓa, waya ko reshe ko titi, nan take ta daskare a jikinsa. A hankali waya take yin kauri kamar ana yi mata yaɓe, har nauyin ya fi ƙarfinta. In sanyin ƙasan yana da kauri, ɗigon yakan daskare tun a iska ya faɗo kamar tsakuwa, shi ne sleet. Wannan yana ɓata titi amma ba ya manne wa waya. Saboda haka bambancin digiri ɗaya ko biyu, ko tazarar kilomita talatin, yana iya raba garin da ya kwana da wuta da wanda zai yi mako a duhu, kuma shi ya sa hasashen ƙanƙara yake yawan sauyawa har daren ƙarshe.

Lambar da za ka nema ita ce kaurin ƙanƙarar da za ta taru. Kashi ɗaya cikin goma na inci ya isa ya sa titi santsi. Rubu'in inci, kusan milimita 6, shi ne inda NWS kan fitar da Ice Storm Warning, kuma daga nan rassa suke fara karyewa. Rabin inci yana iya ɗora wa wayar da ke tsakanin falwaya biyu nauyin da ya haura kilo 200; a nan ka sa ran kwanaki babu wuta. Abin da ya wuce haka bala'i ne. A watan Janairun 1998 ruwa mai daskarewa ya yi kwanaki yana zuba a gabashin Kanada, kaurinsa ya kai milimita 100 a wasu wurare kudu da Montreal. Hasumiyoyin ƙarfe na manyan layuka kusan 1,000 suka durƙushe, falwayoyin katako dubbai suka karye, wasu garuruwan suka yi kusan wata guda babu wuta a tsakiyar hunturu.

Kada ka karanta lambar ƙanƙara ita kaɗai, ka haɗa ta da iska. Wayar da ƙanƙara ta lulluɓe ba ta zama zagayayya kuma, iska na bugunta sai ta fara tsalle sama da ƙasa har ta taɓa 'yar'uwarta ko ta fizge abin da ya riƙe ta. Akwai ma'aunin da Sidney Sperry da Steven Piltz suka tsara a Oklahoma, SPIA, mai hawa daga 0 zuwa 5, wanda yake haɗa kaurin ƙanƙara da ƙarfin iska ya faɗi irin ɓarnar da layukan wuta za su gani. Rubu'in inci da iska mai ƙarfi yana iya yin ɓarnar da rabin inci zai yi a daren da babu iska.

Na biyu jiƙaƙƙiyar dusa ce, wadda take sauka lokacin da zafi yake wajen digiri 32 zuwa 34 na Farenhait. Tana da nauyi, tana mannewa. Ta fi muni idan bishiyoyi ba su gama zubar da ganye ba: a ƙarshen Oktoban 2011 irin wannan dusa ta sauka a arewa maso gabashin Amurka, gidaje da shaguna sama da miliyan 3 suka shiga duhu.

Na uku iska ce. Lambar bugu, gust, ita ce abin dubawa, ba matsakaicin gudu ba. Daga mil 40 a sa'a rassa sun fara saukowa, daga 58, kusan kilomita 93, bishiyoyi sukan tuge, musamman in ƙasa ta sha ruwa. Blizzard Warning ma maganar iska ce: mil 35 a sa'a ko fiye, da dusar da ke hana gani nesa da rubu'in mil, na tsawon sa'a uku ko fiye. A Buffalo, gab da Kirsimetin 2022, irin wannan guguwa ta kashe mutum sama da 40, masu gyaran wuta da motocin asibiti kuma suka kasa motsi.

Na huɗu ba ya taɓa wayar unguwarku ko kaɗan. Sanyi mai tsanani yana sa kowa ya kunna abin ɗumama a lokaci guda, yana kuma daskarar da rijiyoyin gas, bututu da na'urorin tashoshin samar da wuta. Abin da ya faru a Texas ke nan. Da tsakar dare, wayewar garin 15 ga Fabrairun 2021, hukumar ERCOT, mai kula da layin jihar, ta ba da umarnin a yanke wa mutane wuta da gangan, daga baya kuma ta bayyana cewa saura minti 4 da daƙiƙa 37 layin ya rushe gaba ɗaya. Layin Texas ba shi da wata babbar haɗaka da na sauran jihohi, don haka babu inda za a jawo wuta mai yawa. A Disambar 2022 kamfanonin wuta na TVA da Duke Energy su ma sun yi yankan karɓa-karɓa a Tennessee da Carolina. Alamar wannan ita ce Extreme Cold Warning a jihohin da ba su saba da sanyi ba, tare da roƙon masu kula da layi cewa a rage amfani da wuta. In ka ji wannan roƙo, yi cajin komai a take.

Mataki na biyar: raba shiri bisa kwanaki

Kwana biyar zuwa bakwai kafin hadari, duba sau ɗaya a rana ya isa. Abin da kake so ka sani shi ne ko akwai wani abu a hanya. Kada ka yarda da adadin inci a wannan lokaci.

Kwana uku zuwa biyu, hasashe ya fara zama abin dogaro. Duba safe da yamma, ka lura da inda lambobin suke karkata: in kowane sabon hasashe yana ƙara kaurin ƙanƙara a yankinka, ɗauki mafi munin. Yanzu ne lokacin cefane, ba jajibirin guguwa ba da kantuna suke zama wayam. Ruwan sha galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana uku, ka ƙara na alwala da na banɗaki. Abincin da ba ya buƙatar dahuwa: burodi, dabino, gyaɗa, garin kwaki, kifin gwangwani. Magunguna, madarar jarirai, batura, kuɗi a hannu domin na'urar karɓar kati ba ta aiki babu wuta. Cika tankin mota, famfon gidan mai ma da lantarki yake aiki. In akwai mai amfani da na'urar numfashi ko maganin da sai an sa a firji, a yanke shawarar inda za a kai shi tun yanzu, a kuma sanar da kamfanin wuta, yawancinsu suna da rajistar irin waɗannan gidaje.

Kwana ɗaya kafin nan, koma jadawalin awa-awa. Nemi sa'ar da zafi zai sauka ƙasa da 32 da sa'ar da iska za ta fi ƙarfi. Yi cajin wayoyi da batiran ajiya, ka cika bahon wanka da ruwa, ka ɗan ƙara ɗumin gida, ka janye mota daga ƙarƙashin bishiya. Gano makunnin da ke rufe ruwan gidan gaba ɗaya. Adana lambar kai rahoto ta kamfanin wuta, ka yi rajistar saƙonsu na tes.

Mataki na shida: lokacin da abin yake sauka

A taswirar rada yawancin manhajoji suna nuna ruwa da kore, dusa da shuɗi, gauraye da ruwan hoda ko shunayya. Wannan ɗamarar ta tsakiya ita ce abin kallo. Sai dai rada tana ganin abin da ke sama ne, launin kuma ƙiyasi ne, don haka leƙa ta taga ka dubi reshe ko ƙarfen baranda. In suna ƙyalli kamar gilashi, ƙanƙara ta fara taruwa.

Buɗe taswirar ɗauke wuta ta kamfaninka, da shafin PowerOutage.us mai tattara alƙaluman kamfanoni jiha-jiha da gunduma-gunduma. Dubi gundumomin da guguwar ta riga ta ratsa kafin ta iso gare ku, abin da ya same su shi ne yake tafe. Lambar da ake nunawa ta mitoci ce, ba ta mutane ba. Yawan wuraren da layi ya yanke ma yana da magana: gida dubu goma a kan matsala ɗaya aikin 'yan sa'o'i ne, amma gida dubu goma a kan matsala ɗari huɗu aikin kwanaki ne. In fitila ta fara ƙiftawa, na'urar kariya ce take yankewa tana mayarwa saboda reshe yana taɓa waya. Cire kwamfuta da talabijin daga soket.

Mataki na bakwai: wuta ta tafi

Kai rahoto da kanka, kada ka ce maƙwabci ya yi.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci gare mu. A gida mun saba shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu, ko ajiye janareta a bakin ƙofa. Ko a ƙasashenmu ana rasa rayuka ta haka, balle a gidan da aka toshe kowace kafa don kada iska ta shiga. Gawayi, janareta, murhun gasa nama, tanda mai gas da aka bari a buɗe, motar da aka kunna a gareji, duka suna fitar da iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da jin barci. In mutum biyu a gida suka ji haka lokaci guda, kowa ya fita waje a kira 911. Janareta a waje yake zama, aƙalla ƙafa 20, wato mita 6, daga ƙofa da taga. Kada a cusa wayarsa a soket ɗin bango, wutar tana komawa kan layi ta kashe mai gyara. A sami na'urar gano wannan iska mai batir a kusa da ɗakin kwana. Turaren wuta ma a haƙura da garwashinsa a waɗannan kwanaki.

Ku taru a ɗaki ɗaya ƙarami, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a sa kaya hawa-hawa da hula. A bar famfo yana ɗiga kaɗan, a buɗe ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke don kada bututu ya daskare ya fashe. Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kusan sa'a 4, firiza cikakkiya sa'a 48, rabi kuma 24. In ɗaki ya yi sanyin da tsoho ko jariri ya fara rawar jiki ba tsayawa, ko magana ta fara sarƙewa, kada a jira. Lambar 211 ko 311 tana faɗin inda aka buɗe wuraren ɗumi, masallatai da majami'u da yawa ma sukan buɗe ƙofa. A tafi da rana, tun hanya tana biyuwa.

Duk wayar da ka gani a ƙasa, ɗauka tana da wuta, ko ba ta tartsatsi. Tsaya nesa da ita aƙalla mita 10, kada ka taɓa reshe, shinge ko ruwan da take kwance a ciki. In ta faɗo kan motarka, zauna a ciki ka kira 911. Sai in motar ta kama da wuta ne za ka fita, ka yi tsalle da ƙafafu a haɗe ba tare da ka taɓa mota da ƙasa lokaci guda ba, sannan ka ja ƙafa a hankali ba ka ɗaga ta ba har ka yi nisa.

Guguwar bazara

Tsarin ɗaya ne, lokacin ne yake gajarta. Cibiyar hasashen guguwa da ke Norman a Oklahoma tana fitar da taswira kullum mai matakin haɗari daga 1 zuwa 5. Daga 3 zuwa sama a yankinka, yi caji tun safe. Guguwar da ta ratsa Iowa ranar 10 ga Agustan 2020 ta zo da iskar da aka ƙiyasta ta kai mil 140 a sa'a a Cedar Rapids. Guguwar teku kuwa wata cibiya da ke birnin Miami ce take bibiyarta, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Guguwar teku mai suna Beryl ta bar gidaje sama da miliyan 2 babu wuta a yankin Houston a Yulin 2024, a nan kuma zafi ne ya zama abin tsoro.

Yaushe za a kawo?

Masu gyara ba sa hawa kwandon motarsu in iska tana bugu da ƙarfi, don haka lissafi yana farawa ne bayan ta lafa. Suna bin tsari: manyan layuka da tashoshin rarrabawa, sai asibitoci da gidajen ruwa, sai layukan da suke ɗauke da gidaje mafi yawa, sannan lunguna, gida ɗaya-ɗaya a ƙarshe. Lokacin farko da za su rubuta a taswira ƙiyasi ne, yakan matsa.

In maƙwabta sun samu kai ba ka samu ba, duba akwatin fis ɗin gidanka, sannan ka sake kai rahoto. Ka kuma tsaya daga nesa ka dubi bututun ƙarfen da waya take shigowa ta cikinsa a jikin bango ko rufi. A yawancin wurare wannan na mai gida ne, ba na kamfani ba. In ya lanƙwashe ko ya tsinke daga bango, kamfani ba zai mayar da wuta ba sai ma'aikacin lantarki mai lasisi ya gyara shi, kuma bayan babbar guguwa layin masu jiransu yana da tsawo. Ɗan haya ya kira mai gida a ranar, ya ɗauki hoton ɓarnar da na abincin da ya lalace saboda inshora.